Wani Bawan Allah

Bayan an sallame sallar Asuba, tun motocin Gwarzo ba su fara lodin fasinjan Kano ba, ladan ya miƙe ya ce wani bawan Allah ya biya kuɗin gyaran famfon alwala. Aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a. Na saci kallon sahu. Wataƙila yana nan a cikinmu, kansa a sunkuye, yana amsa amin kamar kowa.

Haka muke sakaya suna a ƙasar nan. Daga Getso har Garo ta Kabo, idan buhun masara ya kwana a ƙofar gidan marayu, amsar ɗaya ce: wani bawan Allah ne. Ka duba kyawun lafazin, ɗan'uwa. An cire sunan da iyaye suka raɗa ranar suna, an bar wa mutum wanda ya fi kowanne gaskiya, wato bawa.

Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba sadakar da aka bayyana, sannan ta fifita wadda aka kai wa matalauci a ɓoye. Hikimar a fili take. Mai bayarwa ya tsira daga riya, wanda aka bai wa kuma ya tsira da mutuncinsa, gobe zai haɗu da kai a kasuwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Malamai suna ba da labarin Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, wanda yakan saɓa buhun abinci da dare ya kai gidajen mabuƙata a Madina. Sai da ya rasu abincin ya yanke, masu yi masa wanka suka ga tabon dako a bayansa, sannan aka gane.

Amma mayafin nan na sakaya suna kowa yana iya yafa shi. A rediyo mukan ji an ce wani ya nemi a sakaya sunansa, sau da yawa don tsoron masu ƙarfi, kuma wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Akwai kuma mai buɗe Facebook da sunan bogi ya yaga mutuncin maƙwabcinsa, da mai yawo da "an ce" har aure ya mutu. Wannan na ba ni tsoro ƙwarai, domin mala'ikun da ke rubutu a dama da hagu ba su taɓa rubuta "wani" ba. Sun san sunan, sun san na uba.

Ya Allah, abin da zan ɓoye yau ya zama wanda zan so a tone ranar tsayuwa.

Da na fito daga masallaci, wani almajiri yana tsugune a bakin famfon, ruwa na zuba a butarsa.