Mai Komawa Kumasi Ya Koyar Kyauta: Gida Ya Bari Ko Bashi Yake Biya?

Jama'a, kwana biyu ke nan ana ta ka-ce-na-ce a rumfunan Sabo kan wani matashi ɗan unguwarmu. Yaron ya yi NCE, yana taya mahaifinsa tsaron shago. Bara ya je biki Kumasi ta ƙasar Gana, sai ya tarar da wata makarantar zango ba ta da malamin lissafi. Ya tsaya ya koyar wata uku, bai karɓi ko kwabo ba. Yanzu ya ce zai koma, wannan karon shekara guda. Wasu sun sa masa albarka, wasu kuma sun ce gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa. To, wa ke da gaskiya?

Masu ƙorafi ba shirme suke yi ba. Mu duka mun san halin da makarantarmu ta nan Ibadan take ciki: malami ɗaya, yara cike da ɗaki, wasu har bakin ƙofa. Haƙƙin na kusa yana gaba da na nesa, kuma wanda ya tsallake yaron maƙwabcinsa ya je neman na wata ƙasa, dole a tambaye shi dalili. Wani lokaci ma aikin alheri a nesa ya fi daɗi, don can baƙo ne kai, ana yi maka sannu da zuwa, ana yabonka. A gida kuwa ba mai ce maka an gode.

Amma mu tsaya mu duba: Kumasi dawa ce a wurinmu? Kakanninmu fatake sun yi shekaru aru-aru suna bin hanyar Gwanja saro goro, malamai na biye da su. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, can ya tafi ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi, yana karantarwa har ya rasu a 1934. Ba mu taɓa jin an ce ya guje wa Kano ba, alfahari ake yi da shi. A 1969 da gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takardun zama, iyalai da yawa sun dawo Nijeriya da karatun da suka yi a makarantun zangon can. Ita kanta Sabo tamu, da aka keɓe a 1916, ai zango ce. Da malaman Arewa sun ce sai gida ya ƙoshi kafin su fito, da mu ba mu sami wanda ya koya mana baƙi da wasali ba. Karatunmu na baƙi ne, daga hannun baƙi muka karɓa. Wanda ya ɗauke shi ya kai wani zango, bashin da ke kanmu yake ragewa.

Saboda haka mu a ganinmu tafiyar ba laifi ba ce. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a yi ta. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Malamin sa-kai da ya zo ya yi wata uku ya tafi, yakan bar yara a tsakiyar littafi, sun saba da shi, sun fara ganewa, sai a wayi gari babu shi. Shi ya dawo da labari mai daɗi da hotuna a waya, su kuwa sun koma gidan jiya. Shi ya sa komawar da yaron nan zai yi ta fi zuwansa na farko daraja. Na farko dacewa ce, na biyu alkawari ne.

Kafin ya hau mota dai, akwai tambayoyi uku da ya kamata manya su zaunar da shi su yi masa. Na ɗaya, wa zai ɗauki nauyin da ya bari? In mahaifinsa ne zai riƙa buɗe shago da asuba shi kaɗai, ko matarsa ce za ta shiga cin bashi, to kyautar ba tasa ba ce, da aljihun wasu ya yi ta, kuma sai da yardarsu. Na biyu, zai kai shekarar karatu ƙarshe? Dokar ECOWAS ta ba shi damar shiga Gana ba biza har kwana 90 ne kawai. Zaman shekara sai da takarda, ya nema tun da wuri, kada a katse masa aiki ana tsaka da zangon karatu. Na uku, wa zai bari a madadinsa? In ya koya wa ɗan gari ɗaya ko biyu yadda za su riƙe ajin, to ko ya dawo aikinsa na nan.

Sauran magana kuma tamu ce. Mu da muke cewa makarantar gida ta fi buƙatarsa, mu nawa ne a kasuwar nan muke da NCE ko digiri a cikin akwati? Mu nawa muka taɓa ba ta awa biyu ranar Asabar? Ba tafiyar yaro ɗaya ce ta hana ajinmu malami ba, zaman da muka yi ne. In da gaske ciwon gida muke ji, wanda zai iya koyarwa ya je ya ba da sunansa ga shugaban makaranta a wannan makon. Wanda ba zai iya ba, ya taimaka da kuɗin alli ko na motar mai tafiya.

Allah ya kai shi lafiya, ya dawo mana da shi lafiya, ya sa kafin ya dawo ya tarar mun cike gurbin da muke kuka da shi.