Shin nasara tana wanke kasada?

A wasan eshek, darar Turawa, akwai wani salon buɗe wasa da ake kira gambit na sarki. Tun a taki na biyu mai fararen ƴaƴa yake miƙa soja ɗaya, ya bar sarkinsa a fili, domin ya riga abokin karawarsa kai hari. Haka Adolf Anderssen ya yi wa Lionel Kieseritzky a Landan a 1851. Ya sadaukar da wawa, hasumiya biyu da sarauniya, ya ci wasan a taki na 23.

Amma daga baya masu nazari sun nuna cewa da Kieseritzky ya kare kansa yadda ya kamata, da nasarar ta yi wuya. To, hikima ake yabo ko sa'a?

Nasara kaɗai ba ta isa shaida ba. Abin da ke raba jarumta da ganganci shi ne lissafin da ya gabaci takin, da kuma wanda zai ɗauki hasara in an faɗi. Anderssen da ƴaƴan wasa ya yi kasada. Shugaban da ya yi ta da rayukan jama'a kuwa, ko ya ci, ana bin sa bashin bayani.