ASIRIN MAJINYACI, NA WANE NE?

Hausawa suna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ciwo ya kayar yakan gaya wa likita abin da ba ya iya gaya wa mahaifiyarsa, ya tuɓe rigarsa gaban baƙon da bai taɓa gani ba. Ba ya yin haka sai don ya amince maganar za ta tsaya inda ya faɗe ta. A dā takan tsaya a cikin likita, ko kuwa a kati guda wanda akawun asibiti ke kullewa cikin kabad. Yanzu katin nan ya koma cikin kwamfuta, inda za a iya kwafe labarin mutum dubu ɗari a aika da shi wata ƙasa kafin a gama shan furar rana.

Abin da ya ƙara wa labarin majinyata daraja kuwa shi ne wata irin na'ura mai koyo, wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ba a haife ta da sani ba. Nuna mata ake yi hotuna dubbai, a ce wannan idon lafiyayye ne, wancan mai cuta ne, har ta gane bambanci da kanta. A 2016 asibitin ido na Moorfields a birnin Landan ya ba kamfanin DeepMind hotunan ido wajen miliyan guda, bayan an cire sunayen masu su. Da aka bayyana sakamako a 2018, sai aka ga na'urar tana gane cututtukan ido fiye da 50, kuma cikin kowane ɗari tana dacewa a 94 wajen faɗin wanda ya kamata a gaggauta kai shi ga likita. Gwanayen likitocin ido ma iyakarsu ke nan. Ashe ciwon wani yana iya zama sanadin warkewar wani.

To, tun da alherin ya kai haka, ko ya halatta a ɗauki labarin majinyaci ba tare da saninsa ba?

An gwada amsa tambayar nan a Landan ɗin. A 2015 hukumar asibitin Royal Free, wadda ke riƙe da asibitoci uku, ta miƙa wa kamfanin DeepMind labarin majinyata kamar miliyan 1.6, da sunayensu, na shekara biyar baya. Nufinsu mai kyau ne. Akwai ciwon ƙoda mai faɗa wa mutum farat ɗaya yana kwance a asibiti, yakan kashe in ba a farga da wuri ba, alhali kuwa awon jini yana nuna shi. Suna so ne su gwada wata manhaja mai suna Streams, wadda za ta sanar da likita ta wayarsa da zarar jinin wani ya nuna alama. Amma cikin labarin da aka miƙa har da na masu ƙanjamau, da na matan da aka zubar wa ciki, da na waɗanda suka sha ƙwaya fiye da kima, da na wanda ya zo ɗaurin karaya kawai ya koma gida, ƙodarsa lafiya lau. Ba wanda aka tambaya. Sai a 2016 mujallar New Scientist ta tona yawan abin. A watan Yuli na 2017 hukumar da ke tsare bayanan jama'a a Ingila ta yanke cewa asibitin ya saɓa wa doka, domin majinyata ba su taɓa tsammanin za a yi haka da labarinsu ba. Ba a ci shi tara ba, an dai sa shi ya yi alkawarin gyara.

Masu kāre asibitin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suka ce wa aka cuta? Ba a ji an tozarta kowa ba, ba a sayar da sunan kowa a kasuwa ba. Tambayar mutum miliyan 1.6 ɗaya bayan ɗaya kuwa aiki ne na shekaru, mutane kuma suna mutuwa kafin a gama.

Amma a duba sha'anin ajiya. In mutum zai yi tafiya ya bar wa maƙwabcinsa buhun gero, maƙwabcin ya ɗiba ya ciyar da marayu, lalle marayu sun ƙoshi, watakila ma da an tambayi mai geron da ya ce a ba su duka. Duk da haka an ci amana, domin an ƙwace masa abu guda wanda ya fi geron, watau ikon ya ce i ko a'a. Sadakar da aka yi da kayansa ba tasa ba ce, tun da ba shi ya yi niyya ba. Har wa yau asiri ya fi gero wuyar sha'ani, don gero ana iya auna wani a biya, maganar da ta fita kuwa ba ta komawa. Akwai kuma wata ɓarna wadda ba ta bayyana nan da nan. Ranar da mutane suka fahimci abin da suka faɗa a ɗakin likita yana yawo, sai su fara rage magana. Mai tarin fuka ya ce mura ce, budurwa ta ɓoye ciki, likita ya yi ta magani a duhu. Na'urar ma da ake so ta koya sai ta koyi ƙarya.

Mutanen Istoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutum kamar miliyan 1.3, sun bi wata hanya. Tun 2008 suka haɗa labarin lafiyar jama'arsu wuri guda, a 2016 kuma suka ƙarfafa shi da dabarar da ake kira littafin sarƙa. Misalinsa kamar littafi ne wanda kowane shafi ke ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi, kwafinsa kuma yana hannun magatakarda da yawa. Wanda ya kankare layi ɗaya, duk hatiman da ke biye za su ƙi dacewa, asirinsa ya tonu. Ba labarin cutar ake sawa cikin sarƙar ba, hatiminsa kaɗai. Duk wanda ya buɗe katin majinyaci sunansa yana shiga, majinyacin kuma yana iya dubawa ya ga wa ya leƙa, da yaushe, har yana da ikon rufe katinsa. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, ta mayar wa mai kaya da mabuɗinsa. Sai dai iyakarta ta nuna sawun ɓarawo bayan ya shiga. Ba ta san kunya ba, kuma in akawu ya rubuta kuskure za ta tsare kuskuren nan da aminci kamar yadda take tsare gaskiya. Wanda bai iya karatu ba kuwa, ko an buɗe masa littafin, sai ya nemi wani ya karanta masa, asirin ya sāke fita ta wata ƙofa.

Nijeriya ma ta kafa dokar tsare bayanan jama'a a 2023, ta sa labarin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake yi wa tsaro na musamman. Takardar nan da ake miƙo wa majinyaci ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sau da yawa a cikinta ne ake neman yardarsa, mai karatu kuwa yana da ikon ya karance ta tukuna, ya tambayi inda labarinsa zai tafi.

A Landan dai maganar ba ta ƙare da daɗi ga majinyata ba. Ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara a madadin sauran duka, yana neman diyya. A 2023 Babbar Kotu ta kori ƙarar, ta ce mutum miliyan 1.6 ba asiri iri ɗaya gare su ba, ba a kuwa iya auna musu hasara da mudu guda. Ya ɗaukaka ƙara, a watan Disamba na 2024 kotun sama ta tabbatar da hukuncin farko.