Dajin Yankari Amana Ce: Mai Shi Zai Tambaye Mu

Karatu: Farawa 2:15, Maimaitawar Shari'a 22:6-7, Zabura 50:10-11



Wata ranar Lahadi bayan sujada, a nan GRA ta Bauchi, wani yaro ɗan makarantar Lahadi ya tare ni da hoton tsuntsu a cikin littafinsa, ya ce, "Baba, wane tsuntsu ne wannan?" Da na duba, sai na ga ungulu ce. Jikina ya yi sanyi. Mu da muka girma muna korar ungulu a bakin mahauta, ga shi mun haifi 'ya'yan da ba su san ta ba sai a takarda. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin in mu iyaye muka yi shiru, wata rana jikokinmu za su yi mana irin wannan tambaya a kan giwa da zaki.

Kyautar da ke bayan gidanmu

Wanda ya tashi daga Bauchi ya bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, zai kai ƙofar dajin Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, can ne namun daji suke taruwa shan ruwa da rani. Can ne kuma ruwan ɗumi na Wikki yake ɓuɓɓugowa, inda da yawanmu muke kai iyali wanka lokacin Kirsimeti. Akwai giwaye, da ɓauna, da gwanki, da dorina, da gwaggon biri. Yankari yana cikin wurare ƙalilan da zaki ya rage a duk Nijeriya.

Amma ba dukan abin da kakanninmu suka gani a can muke gani yau ba. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari. Waɗanda ake kallo a gandun Sumu, cikin Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, daga ƙasar Namibiya aka kawo su a 2006. Mu yi tunani a kan wannan: abin da Allah ya ba mu kyauta, sai da muka je wata ƙasa mai nisa muka karɓo.

Na wane ne dajin?

A Zabura ta 50 Allah ya faɗa a fili cewa kowace dabba ta jeji tasa ce, ya kuma san kowane tsuntsu. Gwamnati mai riƙo ce kawai, mu ma haka. Sa'ad da Ubangiji ya sa Adamu a gonar Adnin, aiki biyu ya ba shi, wato ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe na farko da hannu bibbiyu, mun saki na biyu. Waɗansu sukan kafa hujja da Farawa 1:28, su ce ai an ba mutum mulki bisa dabbobi. Gaskiya ne. Amma sarkin da ya cinye talakawansa, wa zai mulka gobe? Mulkin da Allah ya ba mu irin na makiyayi ne.

Ku duba dokar da aka ba Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a 22. Wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu yana iya ɗaukar 'ya'yan, amma dole ya saki uwar, an kuma haɗa wannan da alkawarin tsawon rai. Allah bai hana mutum cin abin da ke jeji ba, kashe tushen ne ya hana. A Farawa sura 9 kuma, alkawarin bakan gizo ba da Nuhu da zuriyarsa kaɗai aka yi shi ba, har da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. Wanda Allah ya sa cikin alkawarinsa, mu su wane ne da za mu shafe shi daga doron ƙasa?

Abin da ke cin dajin

Na farko shi ne farautar sata. Ana kashe giwa domin haurenta, ko da yake an hana cinikin haure tsakanin ƙasashen duniya tun 1989. Giwa takan ɗauki ciki kusan wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, saboda haka abin da bindiga ta ɗauke a dare ɗaya, shekaru ne suke mayar da shi. Ana kuma kashe ƙananan dabbobi, a ƙyafe, a kawo birni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maharbi yana ƙauye, amma tukunyar da naman yake ƙarewa a ciki sau da yawa tana gidajenmu na GRA.

Na biyu shi ne ƙarancin fili. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun matso har bakin iyaka, burtali ya toshe, makiyayi ya rasa inda zai bi sai cikin gandu. In zaki ya kama saniya, wani lokaci akan zuba wa mushen guba, sai zaki da kura da ungulu su ci su mutu tare. Ga kuma masu sare itatuwa domin gawayin da muke saye buhu-buhu.

Na uku ya fi wuyar magana. Garken giwaye yakan fita daga daji ya shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, ya tattake dawa da masarar da magidanci ya yi damina guda yana wahala a kai. Mu da muke barci a gidaje masu katanga, kada mu yi saurin hukunta mutumin da ya wayi gari rumbunsa ba abin zubawa. Kiyaye dabba da ya manta da hawayen talaka ba adalci ba ne a gaban Allah. Wajibi ne masu riƙe da dajin su sa maƙwabtansa su ga amfaninsa, ta aikin yi, da ruwan sha, da makaranta, da taimako in ɓarna ta auku.

Duk da haka akwai abin godiya. A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, aka horar da masu gadin daji, aka ƙarfafa sintiri, kisan giwaye kuwa ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. A 2021 ɗaya daga cikin masu gadin Yankari, Suleiman Saidu, ya sami lambar yabo ta Tusk a Ingila. Waɗannan mutane suna kwana a jeji, waɗansunsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Sau nawa muka ambace su a addu'ar iyali?

Me za mu yi?

Uwargida, ki tambayi asalin naman da aka kawo miki kafin ki saya. Maigida, in ka kai iyali Wikki, kada ku tsaya ga wanka da ɗaukar hoto, ka nuna wa yara dabbobin, ka faɗa musu wanda ya halicce su. Kafin ka sare tsohon maɗaci ko mangwaron da ka tarar a filinka domin ƙarin gini, ka tuna wani ne ya dasa ka sha inuwa. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su sa dashen itatuwa cikin shirinsu na damina.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikatan gwamnati da kuka cika unguwar nan, da ku nake musamman. Takardun da suka shafi albashin mai gadin daji, da man motar sintiri, da iyakar gandu, a kan teburin waɗansunku suke bi. Manzo Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa 4:2 cewa aminci ne abin da ake nema wurin mai riƙon amana. Fayil ɗin da ka danne yana iya zama ran wani a jeji.

Ranar tana zuwa da Mai gonar zai dawo ya nemi lissafi. Allah ya sa ya same mu da aminci.

Addu'a: Ya Uba Mahalicci, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa aikin hannunka. Ka tsare masu gadin daji, ka ta'azantar da manoman da suka yi hasara, ka ba shugabanninmu tsoronka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.