Baran Wa Ne Lauyan Gwamnati?

Mai karatu, ga wata tambaya. In mutum ya ɗauke ka aiki, ya ba ka kujera da albashi, sa'an nan aikin nan ya kai ka har ƙofar ɗakinsa, ka ji warin ɓarna daga ciki, me ya wajaba a kanka? Ka yi sallama ka shiga, ko kuwa ka juya kamar ba ka ji kome ba? Masu iya magana sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiya ne. Amma ladan wa lauyan gwamnati ya ci, na shugaban da ya naɗa shi, ko na jama'ar da su ke biyan haraji?

A ƙasar Amurka akwai lauyoyi 93 waɗanda shugaban ƙasa ke naɗawa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Aikinsu shi ne su gabatar da ƙara a madadin gwamnatin tarayya, kowa a gundumarsa. Bisansu duka akwai Babban Lauyan Gwamnati, shugaban Ma'aikatar Shari'a. Shi ma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, yana kuwa da ikon ya tuɓe shi. A kan ɓarawon banki wannan tsari ba ya kawo wahala. Wahala takan zo sa'ad da wanda a ke tuhuma abokin shugaba ne, ko magabcinsa, ko shi kansa.

A 1940 Robert Jackson, wanda shi ne Babban Lauya a lokacin, ya tara lauyoyin nan a Washinton ya yi musu gargaɗi. Ma'anar maganarsa ita ce, dokoki suna da yawa ƙwarai, har in an bincika da kyau kusan kowa za a iske ya taka wata. Sabo da haka babban hatsari shi ne lauya ya zaɓi mutum tukuna, daga baya ya buɗe littattafan doka yana neman laifin da zai ɗora masa. Hanyar kirki ita ce a ga laifi, a bi sawu har inda ya kai. Ku riƙe wannan ma'auni, gama da shi za mu auna labarin da ke biye.

Ran 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum biyar da dare cikin ofishin jam'iyyar Dimokurat, a wani babban gini da a ke kira Watergate a Washinton. Bincike ya nuna suna da alaka da kwamitin neman sake zaɓen Shugaba Richard Nixon. Nixon ya ci zaɓen Nuwamba na shekaran nan, ya sami jiha 49 cikin 50, amma maganar ba ta mutu ba. A Mayu 1973 ya ɗauko Elliot Richardson ya zama Babban Lauya. Kafin dattawa su yarda, sai da Richardson ya yi alkawari zai naɗa lauya na musamman a kan wannan bincike, ba kuwa zai kore shi ba sai in ya yi wani mugun laifi. Ya naɗa Archibald Cox, malamin shari'a a jami'ar Harvard.

A watan Yuli wani tsohon ma'aikacin fada, Alexander Butterfield, ya shaida wa dattawa cewa akwai na'ura a ɓoye cikin ofishin shugaba mai ɗaukar maganar da a ke yi. Cox ya nemi kaset tara. Nixon ya ƙi, ya ce asirin shawarar shugaba ne. Alƙali John Sirica ya ce a kawo, kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta ce haka. Sai Nixon ya kawo dabara: wai a bar wani dattijo ɗan majalisa, John Stennis, ya saurara, ya tabbatar da taƙaitaccen bayani, Cox kuma kada ya ƙara neman wani kaset. (Stennis kuwa kowa ya san kunnensa ya yi nauyi.) Cox ya ce bai yarda ba. Ran Asabar 20 ga Oktoba 1973 Nixon ya umurci Richardson ya kore shi. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Aka umurci mataimakinsa William Ruckelshaus, shi ma ya ƙi, ya tafi. Na uku, Robert Bork, shi ne ya sa hannu.

Yanzu sai mu auna. Mutanen Nixon sun ce Cox ba mai tsaka-tsaki ba ne, ba kuwa ƙarya zalla su ka yi ba. Cox ɗan Dimokurat ne, ya yi babban aikin shari'a a gwamnatin John Kennedy, wanda ya ka da Nixon a zaɓen 1960. In kai ne a ke bincikawa, aka ba yaron magabcinka sanda, ai zuciyarka ba za ta kwanta ba. Amma tambayar da ta dace ba ta jam'iyyarsa ba ce. Shin mutum ya fara zaɓa, ko laifi ya bi? Laifin yana nan tun kafin a naɗa shi, an kama mutane da kayan aikinsu a hannu. Bai ce a ba shi dukan abin da ke cikin fada ba, zance tara ya nema, kowanne da ranarsa. Bai fasa ƙofa ba, gaban alƙali ya je, inda za a iya ce masa a'a. A ganina wannan shi ne ya raba shi da mai farautar siyasa. Ba mu iya ganin zuciyar lauya, amma muna iya ganin ko ya yarda wani ya duba aikinsa.

Richardson da Ruckelshaus ba su ce shugaba ba shi da iko ba. Ba su kulle ofis ba, ba su ta da husuma ba. Sun ce hannunsu ba zai yi wannan ba, gama an yi alkawari a gaban jama'a, su ka biya da kujerunsu. Da sun zauna suna gunaguni a ɓoye suna karɓar albashi, da ba mu kira shi aminci ba.

Maganar Bork ta fi wuya, kada kuwa mu yi saurin jifansa. Shi bai yi wa dattawa alkawarin kome ba. Ya gaskata cewa shugaba yana da ikon korar ma'aikacinsa. Ya ce ya so ya sa hannu sa'an nan shi ma ya tafi, amma Richardson ya shawarce shi ya zauna, domin kada ma'aikatar ta watse ta rasa shugaba. Ya zauna, lauyoyin da ke ƙarƙashin Cox kuma su ka ci gaba da aikinsu. Duk da haka wani alƙalin tarayya ya yanke a Nuwamba cewa korar ta saɓa wa ka'ida. Ni dai ina ganin ya kuskure. Shugaba yana iya zama da ikon yin abu, abin kuwa ya zama mugu, musamman in wanda a ke kora shi ne mai binciken wanda ke korar. Amma na yarda cewa mutum na uku a irin wannan dare yakan iske kowace hanya da ƙaya.

Korar ba ta amfani Nixon ba. Jama'a su ka yi ca, cikin kwana uku ya yarda zai miƙa kaset ɗin. Aka iske ɗaya yana da giɓi na minti 18 da rabi. Aka naɗa Leon Jaworski, wani lauya daga Texas, a madadin Cox, shi kuwa ya nemi zance 64. Ran 24 ga Yuli 1974 Kotun Ƙoli ta ce a ba shi. Alƙalai takwas ne su ka yanke, babu wanda ya saɓa, uku daga cikinsu kuwa Nixon ne ya naɗa su. A cikin kaset na 23 ga Yuni 1972 aka ji shi yana yarda a yi amfani da hukumar leƙen asiri a tsai da binciken 'yan sandan tarayya. Ran 9 ga Agusta ya sauka.

Da labarin ya ƙare nan, da sai mu ce maganin abin shi ne a yi lauyan da shugaba ba ya iya taɓawa. Haka majalisa ta zata. A 1978 ta yi doka: alƙalai uku ne za su naɗa mai bincike mai zaman kansa, korarsa kuwa sai da dalili mai ƙarfi. To, ashe gudun gara aka yi aka faɗa zago. Lauya na kullum yana da ƙararraki da yawa da kuɗi kaɗan, tilas ya bar ƙanana ya kama manya. Wannan kuwa mutum ɗaya ne a gabansa, ba a ƙayyade masa lokaci ba. Abin da Jackson ya ji tsoro ke nan, sai dai yanzu doka ce da kanta ta fara nuna mutumin. A 1988 Kotun Ƙoli ta ce dokar daidai ta ke, alƙali Antonin Scalia kaɗai ya ƙi. Shekara shida bayan haka aka naɗa Kenneth Starr ya bincika wani cinikin fili da Bill Clinton ya yi a Arkansas. Kafin 1998 ta ƙare, binciken ya koma kan sha'anin shugaban da wata budurwa mai koyon aiki a fada, da rantsuwar da ya yi a kai. An ba Starr izini kafin ya faɗaɗa aikin, Clinton kuwa ba wankakke ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma mutane da yawa su ka ga an bi mutum ne har aka sami laifi.

Jam'iyyun biyu kowace ta riga ta sha harbin wannan doka, 'yan Rifablikan a zamanin Reagan, 'yan Dimokurat a zamanin Clinton. Da wa'adinta ya cika ran 30 ga Yuni 1999, majalisa ba ta sabunta ta ba. Aka mai da lauya na musamman ƙarƙashin Babban Lauyan Gwamnati, wanda ke naɗa shi ya kuma iya korarsa bisa dalili, watau kusan wurin da Cox ya tsaya ran Asabar ɗin nan.