Masarar Garst: Ko Ana Ciyar da Abokin Gaba?

Roswell Garst bai taɓa riƙe muƙamin jakada ba, amma ya yi aikin da jakadu da yawa suka kasa. Manomi ne ɗan Coon Rapids, wani ƙaramin gari a jihar Iowa ta Amurka, wanda shi da Charles Thomas suka kafa kamfanin Garst & Thomas mai sayar da ingantaccen irin masara. A 1955, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga-maciji, ya tafi Sobiyet, ya gana da jagoranta Nikita Khrushchev, ya kuma sayar wa Sobiyet kusan tan 5,000 na iri. Ranar 23 ga Satumba, 1959, Khrushchev da kansa ya zo gonarsa. 'Yan jarida suka yi cincirindo har suka tare hanya, Garst ya fusata ya riƙa jifan su da yankakken karan masara.

Wasu Amurkawa sun ga abin da ya yi tamkar cin amanar ƙasa. Masarar da ka ba abokin gaba ita ce za ta ƙosar da sojansa gobe, in ji su. Hujjar Garst kuwa gajera ce: mai jin yunwa yana da haɗari, kuma gara maƙwabci mai makamin nukiliya ya kwana da cikinsa cike. Bai kuma ɓoye cewa yana cin riba ba.

Samun riba bai ɓata aikin ba, domin ciniki halal ne. Inda gizo ke saƙar shi ne tushen hujjar. Idan dalilin ciyar da mutum shi ne tsoron sharrinsa, to ranar da aka ga yunwarsa za ta fi amfani, me zai hana a rufe masa rumbu?

Tarihi bai jima ba ya amsa. Garst ya rasu a 1977. A Janairun 1980, bayan Sobiyet ta mamaye Afganistan, Shugaba Jimmy Carter ya taƙaita sayar mata da hatsi. Lissafin amfani da ya buɗe ƙofar a 1955, shi ne ya rufe ta.

Littattafan sira sun kawo wani lamari mai kama da wannan. Sumama ɗan Usal, jigo a Yamama, bayan ya musulunta ya yi rantsuwa cewa ƙwayar alkama ɗaya ba za ta isa Makka daga yankinsa ba sai da izinin Annabi (SAW). Kuraishawa, waɗanda a lokacin suke gaba da Musulmi, suka jigata, suka aika Madina suna roƙo da sunan zumunci. Annabi ya umarci Sumama ya bar ayarin hatsi su wuce. Ga makami a hannu, ga shi yana cin abokin gaba, amma aka ajiye shi, domin yunwa ba ta tantance mayaƙi da jariri, kuma galibi ma jaririn take fara kayarwa. Irin wannan dalili ba ya canzawa don farashi ya tashi ko siyasa ta juya.

Ita kanta masarar Garst ba ta ceci Sobiyet ba. Khrushchev ya tilasta shuka ta har a yankunan da sanyinsu ba ya barin ta nuna, ga ƙarancin taki. Bayan mummunan girbin 1963, ƙasar ta koma sayen alkama daga Kanada da Amurka, kuma a Oktoban 1964 aka tsige Khrushchev.

Takunkumin Carter ma bai durƙusar da Mosko ba, domin Ajantina da wasu ƙasashe sun cike giɓin. Shugaba Ronald Reagan ya ɗage shi a Afrilun 1981, bayan manoman Amurka sun daɗe suna kukan asarar kasuwa, ciki har da na Iowa.