Lauya da Igiyar Aure

Hutun da ya wuce a ofishin kawuna na yi shi. Kawu lauya ne, ni kuwa aikina jera fayil da kawo wa baƙi ruwa. A nan ne wata tambaya ta tsaya mini a rai, har na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu: idan aure ya mutu a kotu, lauyan da ya tsaya a kan maganar yana da alhaki, ko kuwa shi ɗan aike ne kurum?

Wata ranar Talata wani magidanci ya shigo da sammaci a hannu, matarsa ta kai shi kotun shari'a tana neman rabuwa. Kawu ya ce, "Alhaji, kana son matar nan?" Ya ce shi ma ta fita ransa tun bara, amma ba zai furta saki ba, domin in ya saka ya yi asarar sadaki, ga ciyarwar idda a wuyansa. Abin da yake so shi ne a yi ta jan magana har ta gaji ta nemi khul'i, sa'an nan ya yanka mata kuɗi, har da na lefe.

Khul'i, watau mace ta fanshi kanta da dukiya, halal ne, kuma a mazhabar Malikiyya yana iya wuce sadaki in an yarda. Amma littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, ba su bar ƙofar a buɗe haka ba. Idan mace ta tabbatar ana cutar da ita, alƙali yana iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba. In ma ta riga ta biya, daga baya cutar ta tabbata, a mayar mata da kuɗinta, saki kuwa ya zauna. Har shaidar ji, watau abin da ya bazu a bakin maƙwabta, ana karɓa a nan. To, Kawu ya san wannan duka. Matar fa, wadda ba ta da lauya?

Kawu ya gaya wa mutumin cewa zai tsaya masa a kan sulhu da maganar ganin 'ya'ya, amma ban da jan shari'a. Alhaji ya naɗe sammacinsa, ya ce lauyoyi ba su ƙare a gari ba.

A mota na shiga yabon Kawu, sai ya katse ni. Ya ce, "Kai yaro, kada ka yi garaje. Yanzu wurin wanda ba zai tambaye shi kome ba zai tafi. Da na riƙe shi, watakila da na lallashe shi ya tsaya a kan sadaki kaɗai. Ni na wanke hannuna, ita kuwa wa ya wanke ta?"

Lauyoyi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce hukunci na alƙali ne, kowa kuma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Da can ma ba a barin lauya ya tsaya a kotunan alƙalai, sai bayan tsarin mulkin 1979 aka buɗe masa ƙofa, shi ya sa har yau wasu dattawa ke masa kallon mai juya ƙarya ta koma gaskiya. Wannan zato bai yi adalci ba. Mata nawa ne ba su san cewa riƙon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin miji, muddin uwar ba ta auri bare ba, sai da lauya ya faɗa musu? Raba auren da ya zama kurkuku kuwa jinƙai ne.

Amma ban yarda cewa ɗan aike ne ba. Ɗan aike bai san abin da ke cikin wasiƙa ba, lauya kuwa shi ke rubuta ta. Shi ya san cewa duk ɗage zama da ya roƙa, makonni ne mace za ta yi a gidan ubanta, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ko a auren rajista, wanda dokar 1970 ta tsara rabuwarsa, sai lauya ya sa hannu a takardar shaida cewa ya nuna wa mai ƙara hanyoyin sulhu. Ashe ita kanta dokar ba ta ɗauke shi a matsayin kara da kiyashi ba.

Saura nadamar Kawu. Na juya ta kwana da kwanaki, na ga ba zan bi shi ba. Da ya karɓi kuɗin Alhaji alhali a zuci matar yake yi wa aiki, da ya ci amanar wanda ya ɗauke shi, kuma lauyan da ya saba zaɓar wa mutane abin da ya fi musu a ɓoye, gobe wata matar zai zaɓar wa haƙurin da ba ta nema ba. Da na faɗa masa haka bai ce mini kome ba, sai ya ce in ajiye fayil ɗin mutumin a durowar ƙasa. Takarda ɗaya ce tak a ciki, kwafin sammacin, mai ɗauke da sunan matar da ranar zama.